Ingal: garin gishiri da kunnen ɗan makiyayi

Mai barin Agadas ya nufi yamma, bayan tafiyar kilomita kamar 160, zai tarar da Ingal kwance bakin ƙorama, tsakanin gonakin dabino. Mafi yawan shekara garin shiru yake. Amma idan damina ta ja jiki, wajen watan Satumba, sai Buzaye da Fulani Bororo su kwararo da raƙuma da shanu zuwa filayen Irhazer, inda ciyawa da ruwa ke da gishiri. Wannan haɗuwa ita ce ake ce ma «Cure salée» da Faransanci.

A nan ake jin kiɗan tende, da kukan raƙuma, da kiran makiyaya. Sai dai cikin taron akwai yaran da duk wannan bai kai musu ba. Wani sanƙarau ne ya bar shi da rai ya tafi da jinsa. Wani ƙyanda ce. Wani kuwa kunne ne ya yi ta zubar da mugunya har dodon kunnen ya lalace. A daji, kurumta ba ƙaramar asara ba ce: yaron da bai jin kira bai jin gargaɗi, kuma magana kan yi masa wuya.

Nijar na cikin yankin da sanƙarau ya fi addaba a Afirka. Allurar rigakafin MenAfriVac da aka soma a 2010 ta karya lagon nau'in A na cutar, amma ba ta mayar ma kowa da jin da ya rasa ba. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya hana ta. Rahotonta na 2021 ya nuna cewa a mafi yawan ƙasashe matalauta, mutum miliyan ɗaya ba su da ko likitan kunne guda. A nan ƙasar ma kaɗan ne, kuma galibinsu suna Yamai.

An saba amfani da taron Ingal don yi ma dabbobi da yara rigakafi. Mine ne zai hana a haɗa da duban kunne? Ƴar fitilar leƙa kunne, da maganin ɗigawa, da malamin asibiti mai jin Tamajak ko Fillanci, ba su fi ƙarfin gwamnati da ƙungiyoyin agaji ba. Makiyayi sau ɗaya yake tsayawa nan a shekara. Idan ya ɗaure kaya ya nufi kudu, sai kuma baɗi.