Idan hannun mai roƙo ya yi nauyi

A kowace majami'a ta ƙasar nan, daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Galmi zuwa Yamai, akwai mutum biyu ko uku da kowa ya haddace lambar talho ɗinsu. Sau da dama ba fasto ba ne, ba kuma dattijon ikilisiya ba. Wata tsohuwa ce cikin Zumuntar Mata, ko malamin lakkol da ya ajiye alli, ko wani tela mai ƙaramin shago. In naƙuda ta yi gardama, su ake kira. In ƴan bindiga sun ɗauke wani a yankin Madarumfa ko Gidan Rumji, su ake kira. Haka in yaro zai zauna jarrabawar BEPC, ko damana ta yi nisa ruwa ya ɗauke hatsi ya fara lanƙwasa. Maganar ɗaya ce kullum: a sa mu cikin addu'a.

Ni ma ina cikin masu wannan hidima, kuma a gida na tarar da ita. Mahaifiyarmu takan tashi kusan lokacin da ladanin unguwa ke kiran sallar asuba, ta zauna bakin tabarma tana jero sunayen mutane gaban Ubangiji, har da waɗanda mu yara ba mu taɓa gani ba. Shi ya sa nake so in taɓo abin da ba a cika faɗa a majami'a ba: mai roƙo domin waɗansu yana gajiya, kuma ba kasafai ake samun mai tambayar shi yaya ƙarfin jiki ba.

Gajiyar ba ta sallama kafin ta shigo. Sai ka ga kana karanta sunaye kamar mai karanta takardar cefane. Talho ya yi ƙara da dare, ranka ya ɗan sosu tun ba ka ga mai kira ba. Ka daina tambayar yaya mai jiki, don kana tsoron amsar. WhatsApp kuwa ya ƙara wa kayan nauyi. A zamanin iyayenmu damuwar unguwa da ta dangi mutum ke ɗauka. Yau kafin ka sha kunun safe saƙon murya goma ya shigo, wannan daga Kano, wancan daga Agadas, wani daga ɗan'uwa da ya maƙale a Libiya, ga hotunan majinyata da ba ka nema ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke kuran, shinkafa da magani suka yi tsada, roƙon da ke zuwa mana ya ninka. Zuciyar kuwa ita ce dai guda ɗaya ta jiya.

In ka kai kukan wannan gajiya, maganin da aka saba ba ka shi ne ka ƙara azumi, ka ƙara kwanan addu'a. Ban raina azumi ba, ina yi. Amma a ganina, ga wanda ya riga ya galabaita, wannan shawara kamar ƙara wa jakin da ya durƙusa buhu ne. Ku duba labarin annabi Iliya a 1 Sarakuna sura 19. Mutumin da ya yi addu'a a Dutsen Karmel wuta ta sauko, ya sāke yi ruwa ya zuba bayan fari mai tsawo, shi ne ya gudu jeji ya kwanta gindin wani ɗan itace yana roƙon mutuwa. Abin da Allah ya fara aiko masa abinci ne da tulun ruwa. Ya ci, ya sha, ya koma barci, aka sāke tashe shi ya ci. Magana sai daga baya, kuma cikin maganar har da sanar da shi cewa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, alhali shi yana ganin shi kaɗai ya rage. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai shayarwa ko mai ciwon suga da zai shiga azumin kwana uku ba ruwa cikin zafin Afrilu, lokacin da Tawa ke wuce digiri 40, ya kamata dattawa su zaunar da shi, su ce ya fara ganin likita. Barci ma yana cikin hidimar.

Labari na biyu da nake yawan komawa gare shi yana Fitowa sura 17. Joshuwa na yaƙi da Amalekawa a Refidim, Musa na kan tudu hannu a sama. In hannun ya sauka, yaƙi ya juya. To, hannun Musa ya yi nauyi, kuma Littafin bai ɓoye ba. Haruna da Hur suka kawo dutse ya zauna, ɗaya ya riƙe wannan hannu ɗaya wancan, har faɗuwar rana. Zaune fa aka ƙarasa wannan roƙo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kowa ya sani, amma da an zo batun addu'a sai kowa ya shige ɗaki shi kaɗai yana jin kunyar ya ce ya gaji. Mu uku ne muke raba kayan. Ran Laraba da marece mukan haɗu a gidan ɗayanmu, kuma kafin mu taɓa sunan kowa sai mun tambayi juna lafiyar gida da ta zuciya. Makon da ɗaya ya ce ba ya iyawa, sauran biyun su ɗauki nasa sunayen ba tare da wa'azi ba.

Inda wannan ya fi bayyana shi ne roƙon da ke daɗewa. A watan Oktoba 2016 aka ɗauke Jeff Woodke, Ba'amurken da ya yi shekaru yana aikin agaji a Abalak. Sai a watan Maris 2023 aka gan shi a Yamai, a sake. Shekara shida da wata biyar. Fada Pier Luigi Maccalli, ɗan Italiya, an ɗauke shi a Bomoanga cikin Satumba 2018, aka sako shi a Mali cikin Oktoba 2020. Ba wanda zai ce maka ya riƙe irin wannan roƙo da zafi ɗaya tun daga ranar farko har ta ƙarshe. Wani ya yi wata shida ya yi sanyi, wata ta ɗauka, wata majami'a ta manta, wata can ta tuna. Haka sunan ya dinga tafiya hannu zuwa hannu.

Kuma kada murnar dawowarsu ta sa mu manta: daren da aka ɗauke Woodke an kashe masu gadi biyu. A ƙauyukanmu na bakin iyaka akwai waɗanda aka yi wa addu'a dare da rana, dangi suka sayar da gona da bisashe, amma ba su dawo ba, kuma ba rediyon da ya faɗi sunansu. Mai roƙon da ke auna kansa da abin da ya biyo baya, irin wannan ne ke karya shi. Sai ya fara tuhumar kansa: ko bangaskiyata ce ta gaza, ko da na ƙara kwana ɗaya na azumi. Abin da ke riƙe ni a nan koyarwar Romawa sura 8 ce da Ibraniyawa sura 7, cewa Almasihu da kansa yana roƙo dominmu, Ruhu Mai Tsarki kuma yana taimakon kasawarmu lokacin da ba mu san abin faɗa ba. Ke nan in na durƙusa, roƙon da aka riga aka fara ne nake shiga, in na tashi kuma ba ya tsayawa. Akwai safiyar da ba ni da kalma ko ɗaya. In buɗe Zabura in karanta a hankali, in ambaci sunan mutumin, in yi shiru. Ban ɗauki wannan a matsayin addu'a mai rauni ba.

Manoman jihar Maraɗi sun koya mini wani abu. A farkon shekarun 1980 wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, yana aiki da mishan ɗin SIM a nan, yana ta dashen itatuwa suna mutuwa. Shi da kansa yakan ba da labarin cewa ran da ya kai maƙura, a kan wata hanyar yashi, ya yi addu'a, sannan idonsa ya faɗa kan ƴan tsirran da ake sarewa kowace shekara. Da ya duba da kyau sai ya gane kututturan itatuwa ne masu saiwa da rai a ƙasa. Daga nan aka samu abin da muke kira sassaben zamani, wanda manoma suka yaɗa har ya kai kadada wajen miliyan 5 a ƙasar nan. Dabarar kowa ya san ta: kututturen kalgo ko sabara ya fitar da rassa da yawa, ka zaɓi ƴan kaɗan masu ƙarfi ka bari, ka sassabe sauran. In ka bar su duka, ba wanda zai zama itace.

Haka nake yi da ɗan littafina. Sunaye biyar nake riƙewa kullum, da kwanan watan da na karɓe su. Sauran na raba su cikin kwanakin mako. Saƙon da aka turo daga wata ƙungiya zuwa wata, wanda ban san mai shi ba, nakan yi masa addu'a nan take sau ɗaya in miƙa shi, ba ya shiga littafi. Wani zai ce rowa ce. Ni dai na ga ya fi a ce wa mutum ɗari "zan yi" a kasa cika wa ko ɗaya. In amsa ta zo, nakan rubuta a gefe, domin ranar bushewa waɗannan layukan nake komawa in karanta. Wanda kuma yake kusa, nakan je in gan shi. Mintoci goma a gefen gadon majinyaci da ƴar robar kunu a hannu suna rayar da addu'ar mako guda.

Roƙon da ya fi kowanne wuya a gare mu shi ne na bayan 16 da 17 ga Janairu 2015, lokacin da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, mutum goma suka rasa rayukansu. An koya mana yin addu'a domin waɗanda suka cuce mu, amma akwai masu hidimar nan da bakinsu ya yi nauyi wata da watanni. Wata baba da muke addu'a tare ta ce ita ba ta iya farawa da masu ƙonawa ba, sai ta fara da maƙwabta Musulmi da suka buɗe ƙofa suka ɓoye mutane a ranar. Daga su ta matsa zuwa iyayen samarin, sannan samarin kansu. Ta ce ya ɗauke ta fiye da shekara. Har yau cikin biyar ɗinta na kullum ba a rasa sunan wani maƙwabci, kuma su ma in ciwo ya kama wani a gidansu sukan aiko yaro ya ce Baba ta sa su cikin addu'a.