Kafin Ku Ce "Ba Sabis": Nasiha Ga Matasan Batagarawa

Hanyar Dutsin-ma da kuke bi kullum ta tara Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, ga shagunan kwamfuta da masu POS ko'ina. Abincin mutane da yawa ya rataya a kan sadarwa, amma da abu ya tsaya sai a ce "ba sabis", a naɗe hannu. Ni da na yi furfura ina jan kebul a ofisoshi da makarantu, ina gaya muku gwani shi ne wanda ya san hanyar da saƙo ke bi, har ya iya nuna inda ya maƙale.

Ku fara da gini ɗaya. Kwamfutocin da aka haɗa a wuri guda, kamar a cibiyoyin jarrabawar JAMB da ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, su ake kira LAN. Kebul ɗin kowace yana shiga akwatin da ake kira suwic, wanda ke miƙa saƙo tsakaninsu, tambayoyin kuma suna fitowa daga babbar kwamfuta, wato saba. Kada ku ja irin wannan kebul ya wuce mita 100, don saƙo zai raunana. Kowace na'ura tana da adireshinta, lambar IP, kamar 192.168.1.5, kashi huɗu, ba wanda ke wuce 255. In biyu suka ɗauki adireshi ɗaya, sai su riƙa katse juna.

Mai fitar da saƙo waje shi ne rauta. Saƙo ba ya tafiya a dunƙule. Yanyanka shi ake yi ƙulli-ƙulli, kowane da adireshin inda za shi. Rauta kuwa kamar ɗan kamasho yake a tasha: ya duba kaya, ya ɗora su a motar da ta dace. Sunan shafin da kuka rubuta, DNS ke juya shi ya zama lamba. Ku kuma riƙe cewa Wi-Fi ba shi ne intanet ba. Iyakarsa ya haɗa wayarku da rauta, shi ya sa za ku ga alamarsa cike alhali data ta ƙare.

Daga rauta sai ƙarfen sabis, sai kebul ɗin faiba da ke ƙarƙashin ƙasa har Legas, sai wanda ke kwance cikin teku. Ranar 14 ga Maris 2024, manyan kebul huɗu, MainOne da WACS da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, tura kuɗi ya gagari mutane da dama a faɗin Najeriya. A watan Satumba 2021 kuma an rufe sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jiharmu ta Katsina saboda tsaro, ciki har da Kurfi da Batsari da Dutsin-ma. Wayoyin mutane lafiyarsu ƙalau, hanyar ce aka datse.

Don haka in an kira ku gyara, ku fara daga kusa ku nufi nesa. Akwai wuta? Kebul ya zauna daram? Fitilar suwic tana ƙiftawa? Na'urar ta sami lambar IP? Sai ku gwada rauta da umarnin ping, sannan ku gwada lambar waje kamar 8.8.8.8. In lamba ta amsa amma suna ya ƙi buɗewa, laifin DNS ne. Akasarin abin da na gyara a rayuwata bai wuce sakakken kebul ko kuskuren adireshi ba.

A nan ne amana ke shigowa. Mai shago bai san bambancin suwic da rauta ba, abin da kuka faɗa shi zai yarda da shi. Kada ku sa shi sayen sabuwar na'ura alhali kan kebul ne ya lalace. Ku sauya masa kalmar sirrin da rauta ya zo da ita daga kamfani, ku miƙa masa sabuwar a hannunsa, kada ku leƙa abin da ba a sa ku ba.

Ku nemi ilimin, ku tambayi na gaba da ku, domin tambaya rabin ilimi ce. Allah Ya ba ku halal, Ya sa albarka a sana'arku.