Dawakin Kudu Ba Ta 'Yan Birni Kaɗai Ba Ce

Ƙannena 'yan aji uku na ƙaramar sakandare a Rano da Kibiya, yau da ku nake. Idan lokacin jarrabawar shiga makarantun kimiyya ya zo, kada ku yarda wani ya ce muku wannan harkar 'yan birni ce. Tarihin makarantun kansa ya ƙaryata shi.

A shekarar 1977, zamanin mulkin soja, gwamnatin Jihar Kano ta ware makarantu biyu, ta Dawakin Kudu da ta Dawakin Tofa, ta mayar da su na kimiyya zalla. Tun da aka ƙirƙiri jihar a 1967 ake ta gina asibitoci da hanyoyi da madatsun ruwa, amma likitoci da injiniyoyi 'yan asalin jihar ba su taka kara sun karya ba. Mu da muka tashi ba nisa da madatsar Tiga mun san girman aikin da ake magana a kai. Shi ya sa aka ce a tace yara masu ƙwazo daga kowane lungu na jihar, a tara su a makarantar kwana, a ɗora su kan lissafi da kimiyya. A 1981 aka buɗe ta 'yan mata a Taura, wadda ta koma Jigawa da aka raba jiha a 1991. Ku lura, duk cikinsu babu wadda aka kafa a cikin birnin Kano.

Ni daga Kibiya na tafi Dawakin Kudu, da akwatin ƙarfe da garin kwaki da ƙuli-ƙulin da Inna ta ɗaure mini a leda. Lissafi ba ya ba ni tsoro. Abin da ke sa cikina ɗurar ruwa shi ne a ce in miƙe in yi magana da Turanci a gaban jama'a. Wani babban yaya ɗan ajin ƙarshe ne ya ja hannuna zuwa ƙungiyar muhawara, ya ce, "Ƙanena, ka san amsa amma ba ka faɗa, to wa zai san ka sani?"

A wannan ƙungiya ake ba ka batu, a ce kai ne mai goyon baya ko da ba ka yarda da shi ba. An taɓa sa ni in kare cewa makarantar jeka-ka-dawo ta fi ta kwana, alhali ni ɗan kwana ne! Kwana uku ina neman hujja. A nan na gane cewa ɗaga murya ba ya cin muhawara, kuma wanda ya saurari abokin karawarsa da kyau ya fi samun abin faɗa. Yanzu a jami'a, duk ranar da malami ya ce a fito a gabatar da aiki, wannan horon nake ci.

Ƙungiyar JETS kuwa ta masu son ƙere-ƙere ce. Mu da muka saba ganin noman rani, abin da ya fara zuwa mana shi ne ƙaramin famfon ban-ruwa, da injin tsohuwar rediyo da batir da robar ruwa. 'Yan birni sun fi mu sanin kwamfuta, wannan gaskiya ne, amma babu wanda ya kai mu sanin yadda ruwa ke bin kwari. Akwai kuma 'yan jarida masu karanta labarai a taron safe, da gasar wasanni tsakanin gidajen kwana, inda ƙafar ɗan ƙauye ke yin rana.

Tsoffin ɗaliban waɗannan makarantu suna da ƙungiyarsu, KASSOSA, kuma a cikinta akwai likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a da yawa.

'Yan mata, ku ma da ku ake yi, ga makarantar kimiyya ta Garko nan ba nisa da mu. Na san wasu iyaye na ɗari-ɗari da makarantar kwana, musamman ga mace. Ku roƙi malaminku na aji ya je gida ya yi wa Baba bayani, domin maganar malami ta fi taku nauyi a zaure. Ku tambayi shugaban makarantarku lokacin da ake cike fom tun kafin zangon ƙarshe, ku kuma nemi tambayoyin shekarun baya na lissafi da Turanci a wajen yayyenku da suka riga ku tafiya.