Tchibarakaten: inda gitar ke tsatsa ba da gangan ba

Daga Arlit, motar da ta nufi arewa maso gabas sai ta ci ɗaruruwan kilomita cikin duwatsu da rairayi kafin ta kai Tchibarakaten, dab da iyakar Aljeriya. Tun da aka gano zinariya a nan a 2014, wurin ya cika da ƴan Nijar, da ƴan Cadi, da ƴan Sudan. Ruwa da mota ake kawo shi, wuta kuwa sai ta janareto. Bayan rufe ma'adinin COMINAK na Akokan ranar 31 ga Maris 2021, garuruwan uraniyom ma sun ƙara zuba ido ga wannan hanya.

Da dare, in injinan fasa dutse sun lafa, abin da ke fita daga wayoyin mahaƙa shi ne gitar ta Abzinawa: ta marigayi Abdallah Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020, ta Bombino, ta Mdou Moctar. Mai kunne zai ji wata tsatsa a muryarta, kamar ta maroƙin da ya kwana yana kirari.

Wannan tsatsar, Turawa kuɗi suke kashewa su same ta. A Amurka da Ingila, tsohon ampili mai lampu irin na Fender ko Marshall ba ya fidda ita sai an murɗa shi ƙarshe, lampun sun ƙoshi har sun fara danne kan sauti. To, wa zai jure haka cikin ɗaki? Shi ya sa masu gyara ke sa hannu: su ƙara maɓallin ƙarar gaba ɗaya, ko su sa lampa 12AX7, mai ninka sauti sau 100, a gurbin 12AY7 da ba ta kai rabin haka ba, ko su rage wutar da ke shiga, yadda Eddie Van Halen ya yi. Aikin ba na koyo ba ne, don wutar da ke cikin akwatin takan haura volt 400, kuma tana nan maƙale ko an cire waya daga bango.

Makaɗin biki na Agadas ko Arlit bai nemi ko ɗaya daga ciki ba. Ƙaramin ampili ne mai taransisto, lasifikar ta sha ƙura, janareton na tari, taron kuma a fili yake, dole a murɗa har ƙarshe don na baya su ji. Rashi ne ya haifi muryar, kuma ita ce ta ja kunnen Turai da Amurka sa'ad da faifan Group Inerane ya fita a 2007.

Ampili mai lampu kuwa, da wuya ya kai Tchibarakaten da rai. Lampa gilashi ce, hanyar kuma ko ƙarfen mota ba ta bari.