Daga Tayar Tirela Zuwa Takalmin Sallah

Abu biyu ne Allah ya hore wa Potiskum da yawa: dabbobi da manyan motoci. Duk ranar Laraba kasuwar shanu kan cika ta batse, har ana lissafa ta cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. Tireloli kuwa, ba sai an faɗa ba, tun da garin yana kan hanyar Kano zuwa Maiduguri kuma sufuri ya zame wa mutanensa gado. Inda dabba take akwai fata, inda tirela take akwai tsohuwar taya. Mu mazauna Dogo Nini a tsakanin waɗannan biyun muka tashi, kuma da yawanmu kakanninmu daga ƙasashen Kano da Katsina da Zazzau suka zo, kowa da sana'arsa a hannu: mahauta, maɗinka, majema, dukawa.

Takalmin taya ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi makiyayi ke sawa ya ratsa daji, ƙaya ba ta huda shi. Shi manomi ke sawa da damina. Mai yin sa yakan zana tafin ƙafa a jikin taya, ya yanka da wuƙa mai kaifi yana tsoma ta a ruwa don ta yi sulɓi, ya yanko maɗauri daga tiyub, irin wanda ake gugan rijiya da shi, ya buga 'yan ƙusoshi, shi ke nan. Takalmi ne mai ƙarko amma marar daraja. Ba wanda zai sa shi ya tafi ɗaurin aure.

To, 'yan shekarun nan wasu samarin unguwarmu sun fara yi masa wani irin gyara. Suna fere tafin tayar ya yi siriri, su shimfiɗa masa jemammiyar fatar akuya a sama, su yi maɗauri da bel ɗin kujerar mota da suka samo wurin 'yan bola-jari. Mun ga wanda aka yi wa baki da gutsuren tamfol ɗin tirela. Mun ga wanda aka ɗinka wa ado irin na wuyan babbar riga, da zare mai launi. Wani ma ƙirar kan sirdi aka kwaikwaya a gabansa. A waya suke ganin yayin da ake yi a duniya, amma kayan aikin duk na bakin titinmu ne.

Ba duka ke yin kyau ba fa. Wani ya yi nauyi kamar an ɗaura dutse a ƙafa. Wani kuma a watan Afrilu, da rana ta buɗe, gam ya narke fatar ta rabu da tafin. A nan ne dattawan dukawa suka yi rana. Mun sha jin wani tsoho a cikinsu yana ce wa yaran, "Kai yaro, gam ba ya riƙe fata a zafin garin nan, sai basilla." Su kuma su ce, "To Baba, nuna mana." Shi ya koya musu a tsaga siririyar hanya a ƙasan tafin, a binne ɗinkin a ciki don kada ƙasa ta cinye zaren. Masu faci kuma suka nuna musu bambancin taya: mai waya a ciki tana ɓata wuƙa, kuma in ta sha tafiya wayar kan fito ta soki ƙafa, mai zare ita ce ta takalmi. Ashe dai da tsohuwar zuma ake magani.

Masu cewa wannan wasan yara ne su tuna tarihin fata a ƙasar Hausa. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya rubuta cewa takalman da ake ɗinkawa a birnin ana fitar da su zuwa ƙasashe masu nisa. Fatar jar akuyar Sakkwato kuwa ayari ke ratsa Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Waɗancan majeman da bagaruwa suka yi jima, da karan dafi suka rina ja. Wato su ma abin da ke zube a gefen gona suka ɗauka suka gwada har ya zama sana'a. Yaranmu da taya da bel ɗin mota a kan wannan turbar suke.

A wasu ƙasashen ma an yi haka. A Biyetnam sojoji sun yi yaƙi sanye da takalmin taya. A Habasha wata mata, Bethlehem Tilahun Alemu, ta kafa kamfanin soleRebels a unguwarsu a Addis Ababa. Ta ɗauki takalmin tayar da talakawan ƙasarta suka saba da shi, ta haɗa shi da saƙar hannu, ta ɗauki maƙwabtanta aiki, har takalman suka shiga shagunan Turai da Asiya. Taya ɗaya ce da tamu.

Abin da ke damun mu shi ne ko wannan ƙoƙari zai ɗore. Na farko, fata tana wuya a garin da ya fi kowa dabbobi. Yawancin shanun da ransu ake loda su zuwa Kudu, fatar saniya kuma ganda ce a tukunya, ta awaki da tumaki dillalai na kwashewa zuwa masana'antun jima na Kano, irin na Sharaɗa da Challawa. Baduku na gida sai abin da ya rage. Na biyu, silifan roba na shigowa da araha, kuma mai saye da zai biya kuɗin takalmin kanti ba gardama, in ya zo wurin ɗan unguwa sai ya yi ta ciniki kamar za a ba shi kyauta. Na uku, dattawan nan suna ƙarewa. Wasu gidajen dukanci 'ya'yansu sun koma bin mota ko tuƙin Keke, ba wanda ya gaji basilla. In suka tafi da abin da ke kansu, waya ba za ta koya wa kowa yadda ake gane fatar da ta jemu da hannu ba.

Don haka muna da roƙo ga iyaye. Yaron da ya nuna sha'awa, a kai shi ya zauna gaban baduku bayan makaranta, ba abin kunya ba ne. Wanda ya gama sakandare kuma, akwai cibiyar nazarin fata ta gwamnatin tarayya a Samaru, Zariya, inda ake koyar da jima da haɗa takalmi. Masu tireloli da masu faci, tsohuwar taya mai zare kada a ƙona ta, hayaƙinta cuta ne, a ajiye wa yaran. Samari masu shirin ankon biki, a gwada ba su aikin takalman abokan ango ko sau ɗaya, a kuma biya su hakkinsu.

Sai batun fatun layya. In Babbar Sallah ta zo, a yi fiɗa a hankali kada wuƙa ta huda fatar, a zuba mata gishiri a ranar, a shanya ta a inuwa kafin a bayar. Fatar da aka bari ta kwana a ƙasa ta fara wari ba ta amfanar wanda aka ba, ba ta isa hannun majemi. Wadda aka kula da ita kuwa, mai yiwuwa baɗi mu gan ta a ƙafar wani a filin idi, da tafin tayar Potiskum a ƙarƙashinta.