Ciyawar Teku da Ƙashin Iyayenmu Mata

Tsakanin Tambuwal da bakin teku akwai ɗaruruwan kilomita, amma ciyawar teku ta iso mana a cikin kwalba. Ana tallarta a WhatsApp da wasu kemis-kemis, ana cewa tana ƙarfafa ƙashin macen da ta daina al'ada. 'Ya'yan da ke aiki a birni ne suka fi saye, su aiko wa iyayensu.

Damuwar da ke sa a saya gaskiya ce. Idan haila ta ɗauke, yawanci wajen shekara 50, sinadarin istirojin yakan ragu a jikin mace, shi ne kuwa yake hana ƙashi zaizayewa. Daga nan ƙashi zai riƙa yin raki ta ciki, ba zafi ba kumburi, har ranar da santsin makewayi zai kayar da tsohuwa, ƙugu ya karye. Na ga haka ga Gwaggona a wani ƙauye na ƙasar Kebbe. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma matar da ke daka da kanta ta koma sallah a zaune. Da na je dubiya, ta nuna mini kwalbar da ɗanta ya aiko, ta ce, "Ɗan nan, wai ganyen teku ne. Mu da ko gulbi sai da damina yake cika!"

Me ke cikin kwalbar? Galibi wata jar ciyawa ce mai tauri kamar tsakuwa, sunanta Lithothamnion, wadda ake kwasowa daga tekun Ayisland da Ayaland a niƙa. Kusan kashi 30 cikin 100 na garinta kalsiyam ne, tare da ɗan maganiziyam. Kalsiyam ɗin kuwa irin wanda ke cikin ƙwayoyi masu araha ne, da ake yi da farar ƙasa ko ɓawon kawa. Binciken da ke yabon na teku ƙanana ne, da yawansu kuma masu sayarwa ne suka biya kuɗinsu.

Babban gwaji a kan kalsiyam shi ne wanda aka buga sakamakonsa a Amurka a 2006, kan mata 36,282 da suka daina al'ada. An ba rabinsu miligiram 1,000 na kalsiyam da bitamin D kullum, kimanin shekara 7. Ƙashin ƙugunsu ya ɗan ƙara kauri, amma karayar ƙugu ba ta ragu a zo a gani ba, tsakuwar ƙoda kuma ta ƙaru da kashi 17 cikin 100. Ga kuma wani abin lura: wasu kwalaben na ruwan-ƙasar ciyawa ne mai suna kelp, mai tarin aidin. Baligi miligiram 0.15 kacal yake buƙata a rana, gishirinmu kuma tun 1993 doka ta wajabta a sa masa aidin. Idan ya yi yawa, yakan rikita ƙululun maƙogwaro.

Likitoci a Amurka sun ƙiyasta wa macen da ta haura 50 miligiram 1,200 na kalsiyam a rana, yawancinsa kuma daga abinci ake so ya fito. A nan ne ƙasarmu take da rufin asiri. Kofi ɗaya na kindirmo yana da kusan miligiram 300, mu kuwa ƙasar shanun Gudali ce. Busasshiyar kuka da zogale suna cikin ganyayen da suka fi kowane kalsiyam, haka ma riɗin da ba a sheƙe ɓawonsa ba, da ƙananan busassun kifi da ake taunewa da ƙayarsu. Hantsi yana ba fata bitamin D kyauta, tafiya a ƙasa tana riƙe ƙarfin ƙashi.

Matsalarmu ta rabo ce. A gidaje da yawa akushin maigida ne ke samun kifi, yara su sha nono, uwa ta haƙura da ƙanzo. Ta yi shekara 20 tana haihuwa da shayarwa, ba ta taɓa sa kanta a gaba ba. Kwalbar wata ɗaya ba za ta biya wannan bashi ba.

Wanda likita ya rubuta wa mahaifiyarsa kalsiyam, ya duba lambar NAFDAC, ta sha tare da abinci, kada ya wuce miligiram 500 a lokaci guda. Idan ta taɓa karaya daga ƙaramar faɗuwa, ko bayanta ya fara ranƙwafawa, asibiti ya kamata a nufa, domin akwai magungunan da aka tabbatar suna rage karaya. Sauran kuɗin a tsayar mata da mai nono kullum safe, a gyara daɓen makewayi, a sa fitila a hanyar da take bi da asuba.