Kakar da Masu Gida suka rasa gida

Mu mutanen Kwanyawa da ƙauyukan da ke tsakanin Ƙaraye da Rogo, goyon bayan da muke yi wa Kano Pillars na kunne ne. Kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa zama a Filin Wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Ni kaina zuwana bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, domin kuɗin mota zuwa Kano da dawowa ya ishi magidanci cefanen kwanaki. Rediyo ne filinmu. Duk da haka, da aka rufe kakar wasa ta 2021/2022 a watan Yuli, aka tabbatar Pillars ta faɗa rukunin 'yan dagaji tare da Katsina United da Heartland da MFM, ban ga alamar cewa zafin ya fi tsanani a Fagge ko Ƙofar Mata a kan yadda ya yi a nan ba. Rivers United ce ta ɗauki kofi, amma a majalisarmu babu wanda ya ko tanka zancenta.

Ya kamata a tuna wa matasa ko wace ce ta faɗi, domin da yawansu sun fi sanin 'yan benci na Chelsea a kan 'yan wasan jiharsu. An kafa Pillars a 1990. Ta ci gasar ƙasa a 2008, sannan ta jera ta sau uku, a 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga Gasar Zakarun Afirka, alhali kofin yana hannun Ahly: an tashi 1-1 a Kano, aka je Alƙahira aka yi 2-2, ƙwallayen waje suka ba Masu Gida nasara. Ba a tsayar da ita ba sai a wasan kusa da na ƙarshe, kuma wadda ta tsayar da ita Heartland ce, wato abokiyar tafiyarta zuwa ƙasa a 2022. A 2019 ta ɗauki Kofin Aiteo a Kaduna bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti. A rigarta Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya kafin ya tafi Turai, kuma ita ya dawo wa a 2021 yana kyaftin ɗin Najeriya.

Amma abin da ya fi kofuna daraja a wurin kawuna, wanda a gindin keken ɗinkinsa na koyi sauraren ƙwallo, shi ne gida. Daga 2003 har zuwa 2015 babu ƙungiyar da ta zo Kano ta doke Pillars a gasar ƙasa, sai da Nasarawa United ta karya wannan lago da ci 2-1. Shekara goma sha biyu ke nan. Yaron da aka raɗa wa suna a farkon wannan zango ya kai shiga sakandare kafin ya ji an ce an ci Pillars a gida. Kawu yakan ajiye almakashi ya ce mini, “Kai yaro, kirarin nan na Sai Masu Gida ba ado ba ne, aiki ne.” Allah Ya jiƙansa, bai ga wannan kaka ba.

Ga abin da ya faru da gidan. An daɗe ana kai wasannin gida na Pillars Filin Ahmadu Bello da ke Kaduna, 'yan wasa suna karɓar baƙi a garin da su ma baƙi ne. Mun yi ta roƙon Allah Ya dawo da su. Aka dawo da su a watan Afrilun 2022, cikin azumi, aka haɗa su da Katsina United. Ba a ci juna ba. Sai wasu da ke kiran kansu magoya baya suka huce haushinsu a kan motar baƙi, suka farfasa ta. Hukumar shirya gasa ta ci ƙungiyar tarar Naira miliyan 9, ta rage mata maki uku, ta kuma ce a koma Abuja da wasannin gida. Kafin wannan ciwo ya warke, a watan Yuni, a wasa da Dakkada, wani babba a shugabancin ƙungiyar ya kai wa mataimakin alƙalin wasa hannu, bidiyon kuma ya zagaya wayoyin jama'a har ya iso mu.

Wanda bai san yadda gasar Najeriya take ba zai ɗauka maki uku ba wani abu ba ne. Ƙungiyoyi 20 ne, kowace tana wasa 38, rabi a gida rabi a waje. Cin wasan waje a gasarmu sai an dace, saboda doguwar tafiya a mota da filin da ba a saba da shi ba da ihun mutanen gari. Saboda haka kowace ƙungiya da makin gida take rayuwa, kamar yadda manomi yake dogara da gonar bayan gida. Huɗun ƙarshe ne ke faɗuwa, kuma tazarar da ke raba wanda ya tsira da wanda ya nitse sau tari ba ta wuce wasa ɗaya ko biyu ba. Wanda ya ɗauki dutse ya jefi motar nan ya ƙwace wa Rabi'u Ali da abokansa ladan wasa guda cur, ya kuma raba su da filin da suka dogara da shi. Ba ina wanke 'yan wasa da masu horarwa ba ne. Tun kafin Afrilu ƙungiyar take tangal-tangal, an sauya mai horarwa ana tsakiyar tafiya, raga kuma ta yi wa masu kai hari nisa. Sai dai mara lafiyar da ke jinya daban, wanda 'yan gidansu suka janye masa tabarma daban.

Akwai wani ɓangare na lamarin da mutanen birni ba za su ji shi kamar yadda muka ji ba. Mu a yammacin Kano iyaka muke da Katsina. Kasuwanninmu a haɗe suke, aurenmu a cakuɗe. Ƙanwata tana aure a wajen Ɗanja, kuma da na je gaisuwar Sallah bayan wannan abu, surukinmu, dattijo mai kawaici, sai da aka gama cin tuwo ya dube ni ya ce, “Malam, ashe haka Masu Gida suke sallamar baƙo?” Na ce, “Baba, a yi mana afuwa, ba da yawunmu ba.” Ya yi murmushi ya sauya zance. Tsakanin Kanawa da Katsinawa akwai tsokana da gasa tun kaka da kakanni, kuma ƙwallo ta zo ta ƙara mata armashi, amma Bahaushe da ya ce baƙonka annabinka bai ware baƙon da ya zo da rigar wasa ba. Wanda ya yi jifan ya kwana a unguwarsu lafiya lau, mu ne muka je muka sunkuyar da kai a gaban surukai.

Sannan akwai zancen kuɗi. Pillars ƙungiyar Gwamnatin Jihar Kano ce. Albashin 'yan wasa da kuɗin tafiya da tara duk daga aljihun jiha suke fita, wato daga rabon mutumin Rogo da na Ƙaraye kamar yadda suke fita daga rabon mutumin Gwale. Wannan ne ya ba ni bakin magana. Idan da kuɗinmu ake biyan ɓarnar da ba mu yi ba, muna da haƙƙin mu tambaya: wa aka kama, wa aka hana shiga fili, kuma bisa wane ma'auni ake naɗa masu riƙe da ƙungiyar? Shugabancin da ke sauyawa da iskar siyasa ba zai iya tsara abin da ya wuce kaka ɗaya ba.

Wani ɗalibina da ke yawan leƙe-leƙe a intanet ya nuna mini yadda jami'o'in Amurka suke da ƙungiyoyin irin ƙwallonsu, wadda ake runguma a gudu da ita. Filin Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum sama da 100,000, kuma waɗanda ake zuwa kallo ɗalibai ne. Wasan bai burge ni ba, turereniya ce da kwalkwali. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tsanin: daga sakandaren ƙauye zuwa jami'a, daga jami'a zuwa ƙwararru, kuma akwai masu yawo gari-gari suna duba yara. A filin makarantar firamarenmu, inda ake kafa raga da gora, akwai yaran da ke buga ƙwallo ba takalmi bayan sun dawo daga gona, wasunsu da ƙafar hagun da za ta sa ka tsaya da keke. A iya shekaruna ban taɓa ganin wani ya zo daga Kano da littafi a hannu yana tambayar sunayensu ba. Jiha mai ƙananan hukumomi 44 ba ta rasa 'yan wasa ba.

Bayan faɗuwar 2022 sai aka koma rukuni na biyu, inda filayen suka fi muni, tafiyar ta fi wahala, kuma ba kowane wasa rediyo ke kawowa ba. Mai gidan kallon garinmu ya riga ya rubuta jadawalin Firimiyar Ingila a allonsa, yara suna ta musu a kan Arsenal da Manchester United. Na tambaye shi ta ina za mu riƙa jin labarin Pillars a kaka mai zuwa. Ya ce yana da ɗan'uwa mai shago a Kantin Kwari da ba ya fashin zuwa fili, zai riƙa bugo masa waya idan an tashi.